Tankin Feshin da Ya Ƙi Aiki a Hawa na Uku

Shekara goma sha ɗaya Yaya ta yi tana wanke banɗakunan gidan kwanan ɗalibai, kuma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa ganin ta hau matakala da bokitin da bai cika ba. Yaya ba sunanta ba ne, amma daga mai gadi har manaja haka kowa ke kiranta. Ginin hawa uku ne, kowane hawa banɗaki shida. Dokar gidan ita ce a ƙasa ake haɗa maganin wanki, a bakin sito, a kan idon mai sito. Wanda ya haɗa nasa sai ya ɗauka ya hau. Daga bakin sito zuwa hawa na uku taki arba'in da biyu ne, don haka duk mai hankali yakan cika abin da zai ɗauka har baki, kada ya yi sahu biyu. Yaya ce ma take koya wa sababbin ma'aikata wannan, da faɗa.

Aikin da ya fi cin rai shi ne bango. Ɗalibai mutane ne da za su yi wanka da ruwan zafi, su rufe taga, su ja ƙofa su tafi, ba ruwansu. Sai fumfuna ta yi baƙi daga inda tayil ya ƙare har zuwa rufi. Dole a jiƙa ta da magani, a bar shi ya ci, sannan a goge da buroshi mai doguwar ƙota. Gugar ba wuya in maganin ya ci. Jiƙawar ce matsala, don da 'yar kwalbar fesawa ake yi, wadda ake matsawa da yatsu, hannu a sama kamar mai tsayar da mota. Wannan ɗaga hannun ne ya cinye kafaɗar Yaya ta dama. Wata huɗu ke nan hannun ba ya wuce kunnenta. Sai ta koma tana fesa iya inda ta kai, saman kuwa ta ɗauke ido daga kansa.

Ba ta gaya wa kowa ba. Masu son gyara magana za su ce juriya ce. Ba juriya ba ce, girman kai ne, kuma talaka ma yana da nasa.

Ranar Asabar manaja ya hau hawa na uku, ya sauko, ya same ta tana matse tsumma.

"Yaya, ba na son jan magana. Saman bangon can ya koma gindin tukunya. Ranar Alhamis zan sake hawa da kaina. In na same shi haka, zan sa wata a wurin, ke ki je ki huta."

"To, ranka ya daɗe."

Kowa ya san abin da hutu yake nufi a bakin manaja. Yaya kuwa 'ya'ya uku gare ta a makaranta, ga tsohuwa a ɗaki, kuma wannan aikin ne kaɗai ke riƙe da su.

Washegari Lahadi ta nufi rumfar ƙanenta. Shi ne ƙaramin gidansu, shi ya sa har yau da furfura ta fara fito masa a gemu Auta ake ce masa. Faci yake yi a bakin titi, ƙarƙashin kwano huɗu da aka ɗora a kan itace. Rumfar ba ta da famfo. Ruwan da yake da shi duka rabin duro ne na baƙin ruwa da yake tsoma tiyub ya ga inda ke yoyo, sai buta guda ta alwala da shi da kansa yake zuwa nesa ya ciko. Don haka a kan ruwa Auta marowaci ne.

"Ina son abin da zai fesa magani sama, ba sai na matsa da yatsu ba," in ji ta, ko zama ba ta yi ba.

Ya dube ta, ya dubi yadda take riƙe da jaka da hagu.

"Hannun ne, Yaya?"

"Hannun wa? Ni na ce maka hannu? Za ka iya ko in tafi wurin masu hankali?"

"Zauna mana. Iska ce sana'ata. Abin da ke ɗaga babbar mota ai ba zai kasa ɗaga ruwan banɗaki ba."

Da jarka ya fara. Ya huda murfinta, ya dasa bawul ɗin tsohuwar taya, wato wannan ɗan bakin da ake ɗura iska ta nan, ya haɗa famfon ƙafa ya fara takawa. Jarkar ta kumbura ta zama kamar akuya mai ciki, kusurwoyinta suka ɓace, sannan murfin ya yi tsalle ya faɗa kan kwanon rumfa. Yaya ta tashi ta koma bayan tayoyi.

"In kashe ni za ka yi, bari in yi wasiyya tukuna."

"Gwaji ne. Yanzu mun san jarka ba ta da ƙashi."

Ya shiga tonon tarkacensa har ya zaro wani tankin roba mai kauri, zagayayye, na feshin shuke-shuke, wanda wani ya yar saboda famfon cikinsa ya mutu. Yaya ta karɓe shi ta wanke shi da kanta, ciki da waje, ta cinye masa rabin ruwan butarsa yana kallo yana ƙunƙuni. Ya cire mataccen famfon, ya yanko zobe daga tsohon tiyub ya shimfiɗa a bakin murfi don kada iska ta sami hanya, ya dasa bawul a gefe. Ya zura siririn tiyo har gindin tanki, ya fito da shi ya ɗaure da waya, ya sa masa ɗan makunni irin wanda ake dannawa da babban yatsa. Da ya zo kan bututun da za a riƙe, bai tambaye ta ba, ya yanko shi dogo, ya fi hannun mutum da rabi, ya lanƙwasa bakinsa sama. Mai riƙe da shi zai iya kai wa rufi alhali hannunsa na kusa da ƙugunsa. Yaya ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Daga ƙarshe ya ɗaura masa ɗan agogon auna iska, ya ɗiga jan fenti a wani wuri a kan gilashin.

"Kin ga nan? Allurar nan kada ta wuce jan nan. Ko manaja na bin ki da bulala, kada ta wuce."

Ya juye sauran ruwan butarsa a ciki, ya ƙara buta ɗaya daga duron baƙin ruwa, ya rufe. Ya taka famfo, ya taka, ya taka. Yaya tana tsaye tana ƙirgawa a ranta don ta san abin da ke jiranta: sai da ya taka sau arba'in da wani abu allurar ta kai jan fenti. Ya lakato miyau ya shafa a bakin bawul ya ga ko zai yi kumfa.

"Kai ƙazami! Abin wanke banɗaki ma sai ka ƙazanta shi?"

"Haka ake yi. Kin ga bai yi kumfa ba."

Ya danna makunni. Ruwa ya fita siriri kamar hazo, da ƙarfi, ya jiƙe kwanon rumfa, ya jiƙe allon talla na maƙwabcinsa, ya ci gaba da fita har Auta ya gaji da riƙewa. Yaya ba ta iya yabo ba. Ta ce, "Ba laifi," ta saɓa tanki a kafaɗar hagu, ta ɗauki famfon ƙafa ta tafi.

Litinin da safe ta haɗa magani a bakin sito, ta cika tankin har wuya, ta rufe. Ta hau da shi tana nishi. Doguwa, abokiyar aikinta mai kula da hawa na biyu, ta biyo ta don ta ga abin mamaki. Yaya ta sa takunkumi da safar hannu da tabarau, ta buɗe taga, ta taka famfo. Ɗaya, biyu, uku. Allura ta yi tsalle ta zauna a kan ja.

"Iko! Jiya sau arba'in, yau sau uku. Ashe ƙafar Auta ce ba ta da ƙarfi."

Ta danna. Maganin ya fita da ƙarfi, ya jiƙa wuri kamar faɗin faifai, sai ya rage, ya koma ɗiga, ya gangaro ta bututu ya shiga safar hannunta. Allura ta kwanta. Ta sake takawa sau uku, ta sake dannawa. Haka. A karo na huɗu Doguwa ta riƙe ciki tana dariya.

"Yaya, wannan ai atishawa yake yi. Mura gare shi?"

Yaya ta saki iskar, ta buɗe murfi. Ta juye maganin a bokiti, ba ta zubar da ko ɗigo ba, ta koma wa 'yar kwalbarta, ta yini tana cije leɓe. Da yamma ta dire tankin fanko a gaban Auta.

"Ga kayanka. Ka mai da ni abin dariya."

Auta ya juya shi, ya tsoma murfin a duro, ba kumfa. Ya zuba buta biyu, ya taka sau arba'in, ya danna. Abin ya yi ta fesawa kamar jiya, har mai shayin da ke gefe ya ɗaga murya ya ce a yi masa hankali da burodi.

Suka tsaya suna kallon tankin, su biyu, kamar ya yi musu ƙarya.

"Wallahi a can bai yi ba," in ji Yaya, muryarta ta sauka.

"Sau nawa kika taka?"

"Uku. Ta kai ja."

"Uku! To agogon ne ke maƙalewa in an jijjiga shi a hanya." Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. "Gobe ki ɗan buga shi kafin ki fara."

Talata ta cika shi har wuya, ta hau, ta buga agogo, ta taka sau uku, allura ta kai ja. Ta ɗora ƙafa za ta ƙara na huɗu, ta ji famfon ya ƙage kamar dutse, ta tuna murfin jarka a kan kwano, ta sauke ƙafarta. Wannan kam ta yi daidai, don mutane da yawa sun rasa ido a kan "bari in ƙara ɗaya." Ta danna, ya yi atishawarsa, ya mutu.

"Ni fa tun da nake, ban taɓa yarda da hawan nan ba," in ji Doguwa daga bakin ƙofa. "Ko rediyona in na hau da shi nan shiru yake yi."

"Batir ne babu a rediyonki. Tafi ki yi aikinki."

Da yamma ta koma rumfa, wannan karon da kwalbar maganin da ta haɗa, don a hanya ta yi tunani cewa bambancin ɗaya ne: a rumfa ruwa ake zubawa, a wurin aiki magani. Auta ya yarda nan take.

"Shi ne! Maganin ne ke cinye iskar. Abin da ke cin fumfuna ai zai ci iska."

Suka juye kwalbar a tanki, suka juya bakin bututu wajen kwata. Sau hamsin ya taka kafin allura ta kai. Ya danna, ya fesa tsaf, har kwalbar ta ƙare.

Auta ya zauna a kan taya ya tallabe haɓa. Abin ya daina ba shi haushi, ya koma ba shi sha'awa.

"Ba agogo ba ne, ba magani ba ne. Tanki ɗaya, famfo ɗaya. To mene ne a can wanda babu a nan?" Ya ɗaga kai. "Tsawo! Yaya, an ce in mutum ya hau sama sosai iska kan yi ƙaranci."

"Hawa na uku ne, Auta, ba gajimare ba."

Ko ɗaya a cikinsu bai tambayi ɗan'uwansa yawan abin da yake zubawa ba. Shi bai taɓa tunanin akwai mai ruwan da zai cika tanki ba, ita kuma ba ta ɗauki buta biyunsa a bakin komai ba sai rowa. Kowa ya ɗauki halinsa a matsayin yadda duniya take, kuma wannan wauta ce da ba ta bar mai ilimi ba balle su.

Laraba ta waye saura kwana ɗaya, banɗaki ɗaya da rabi kawai ta gama a cikin shida. Kwana biyun da ta yi tana tilasta wa hannun sun ƙarasa shi, ko ɗaurin ɗankwali da hagu ta yi. Duk da haka ta cika tanki har wuya, don ba ta san wata hanyar ɗaukar abu ba, kuma ta ƙudurta za ta yi ta taka uku tana fesa faifai ɗaya har dare in ya kama. Ta rataya tanki a hagu, ta maƙale famfo a hammata, buroshi a hannun da ke ciwo. A kwanar hawa na biyu zafin ya harbo daga kafaɗa zuwa wuya, idonta ya yi duhu. Ta dire komai ta jingina da bango.

Doguwa ta fito da bokiti fanko za ta sauka. Ta dube ta, kuma a karon farko ba ta yi wasa ba.

"Yaya, kawo in rage miki."

"Ba komai, numfashi nake."

"Kawo, na ce. Ba wanda ke kallo."

Doguwa ta buɗe murfi ta juye fiye da rabi a bokitinta, ta ce za ta kawo mata shi sama daga baya. Yaya ta hau sauran matakalar da tanki yana ɓalam-ɓalam a gefenta, kunya kamar ta nutse. Ita da ta sha yi wa yara sababbi tsawa a kan rabin bokiti.

A banɗaki na biyu ta taka famfo sau uku ta kai hannu ga makunni, sai ta ga allura ko motsi ba ta yi ba. Ta ce a ranta shi ke nan, Doguwa ta lalata murfin. Ta duba ba kowa, ta lakato miyau ta shafa a bawul. Ba kumfa. Ta ci gaba da takawa. Goma, ashirin, allura na tafiya a hankali kamar tsohuwa. Talatin da takwas ta kai ja.

Ta danna. Hazo ya tashi ya kama bango daga kusurwa, ta bi shi da bututu har ɗaya kusurwar, hannunta na ƙasa. Bai tsaya ba. Ta gama bango huɗu, ta shiga banɗaki na uku, ta yi rabinsa kafin ƙarfin ya fara raguwa.

Wata da ta samu haka sai ta gode Allah ta ci gaba da aiki. Yaya ta kasa. Ta zauna a bakin ƙofa tana kallon tankin. Da Doguwa ta hawo da bokiti, ta ce mata, "Zuba duka, cika shi." Aka cika. Taku uku, atishawa. "Rage." Aka rage. Taku talatin da wani abu, ya yi ta fesawa. Sau biyu suka maimaita, ga aiki na jira.

"To me ke nan?" in ji Doguwa.

Yaya ta ƙwanƙwasa saman tankin inda ba komai, ya yi ƙara kamar ganga.

"Nan ne aikin yake. Ba ruwan ke tura kansa ba, iskar ce ke tura shi. In na cika, ina iskar za ta zauna? Cokali ɗaya ke shiga, ta cika wurin, agogo ya ce an kai. Ina dannawa cokalin ya ƙare. Ruwa ba ya matsawa ya ba wani wuri, iska ce ke matsuwa."

"Wato wurin da ba komai shi ne mai amfani."

"Ni dai abin da na gani na faɗa miki. Miƙo buroshi."

Da yamma ta biya ta rumfa ta gaya wa Auta. Ya ce ai shi tun farko zuciyarsa ta ba shi haka.

"Zuciyar da ta ba ka gajimare?"

Ya yi dariya har da tari, ya ɗauko jan fentinsa ya zagaye cikin tankin da layi a tsakiya.

Alhamis da hantsi saura banɗaki ɗaya. Yaya na hawa da tanki rabi sai ga manaja a bayanta. Hasken taga ya ratsa robar, ya ga inda maganin ya tsaya.

"Yaya, ke ce da rabi? Ina sauran maganin da mai sito ya ba ki?"

"Yana ƙasa a bokiti, ranka ya daɗe. Zo ka gani."

Ya bi ta. Ya leƙa banɗaki biyar ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi rufi. A na shida ta miƙa masa takunkumi, ta buɗe taga, ta taka famfo tana ƙirgawa a fili, ta nuna masa jan fenti a agogo da jan layi a tanki, ta gaya masa dalilin kowanne. Sannan ta fesa bangon gaba ɗaya a tsaye wuri guda. Manaja ya karɓi bututun ya juya shi, ya auna tsawonsa da hannunsa.

"Wa ya haɗa?"

"Ƙanena. Faci yake yi."

"Me ya sa ya yi shi dogo haka?"

Tana iya cewa don rufin yana da nisa, kuma da ya yarda. Ta dubi bangon da maganin ke gangarowa a kansa yana jan baƙin ƙasa.

"Kafaɗata ce. Wata huɗu ke nan hannun ba ya ɗaguwa."

"Wata huɗu! Shi ne kika bar ni ina zaton lalaci kika koya da girmanki?" Ya miƙa mata bututun. "Gobe ki je a duba shi, Doguwa ta riƙe miki hawan. Abin nan kuma a sito zai riƙa kwana, ba iska a cikinsa, kuma ba mai taɓa shi sai ke. Asabar ki dawo ki fara hawa na biyu, na Doguwa ma ba wani fari ne da shi ba."

"Na ji, ranka ya daɗe!" in ji Doguwa daga matakala.

Manaja ya sauka. Yaya ta ba maganin lokacinsa, ta ɗauki buroshi da hagu ta goge bangon ƙarshe. Ta saki sauran iskar a hankali har allura ta kwanta. Ko azahar ba a kira ba. Ta kife bokiti a bakin taga ta zauna a kai, tana jin ɗalibai a ƙasa suna gardama a kan wanda ya ɗauke wa wani sabulu.